MU ƘARU DA JUNA: Tsohon fim na hoto, a yar ko a gwada?

A wannan wata filinmu zai yi magana a kan hoto. Ba hoton waya ba. Hoton da, wanda ake ɗauka da fim a cikin kamara, a kai wa mai wanki, a yi kwanaki ana jira.

Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin fim ba. Wata doguwar leda ce siririya, faɗinta milimita 35, an naɗe ta cikin ɗan gwangwani wanda bai kai na tumatir ba. Ɗaya yana ɗaukar hoto 24 ko 36. Tun da waya mai hoto ta shigo, kasuwarsa ta faɗi. Kamfanin Kodak na Amurka, wanda ya fi kowa suna a wannan sana'a, sai da ya kai kansa kotu a 2012 saboda bashi. Amma bai mutu ba, har yanzu yana yin fim. Kamfanin Ilford na Ingila ma yana yin fim mai baƙi da fari.

Sabon fim ya yi tsada, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Tsohon kuwa yana nan birjik inda ba a zata ba: a ƙasan adaka, a shagon tsohon mai hoto da ya daina aiki, a wurin masu sayar da tsofaffin kaya. Ka duba kwalin, ka ga lokacinsa ya wuce da shekara 10 ko 20. To, a yar da shi?

Kada a yi gaggawar yarwa. Fim ba magani ba ne, ba kuma madarar jariri ba. Maganin da lokacinsa ya wuce, ba a sha, ba a ba dabba, wannan babu gardama. Fim kuwa ba ya cutar da kowa. Ranar da aka rubuta a kwalinsa ba ranar mutuwarsa ba ce. Iyakar alkawarin kamfani ce. Kamfani yana cewa: daga nan zuwa wannan rana, na ɗauki nauyin kyan hoto. Galibi shekara 2 ne ko kusa da haka daga ranar da aka yi shi. Bayan nan, sai abin da hali ya yi. Kuma halin ya dogara ga inda fim ɗin ya kwana duk waɗannan shekaru.

Me ke cikin fim?

Makiyaya, wannan naku ne. Kun san romon ƙafar saniya, idan ya kwana cikin sanyin hunturu, yakan daskare ya yi danƙo. Wannan danƙon shi ake kira jelatin. Daga ƙashi da fatar dabbobi ake fid da shi, musamman shanu. Shi ake shafawa a kan ledar fim. A cikinsa an zuba ƴan ƙananan ƙwayoyi na gishirin azurfa, waɗanda ido ba ya gani. Idan haske ya taɓa ƙwayar, sai ta canza a ɓoye. Mai wanki ya sa fim cikin ruwan magani, sai duk ƙwayar da haske ya taɓa ta yi baƙi. Haka hoto ke fitowa. Ke nan duk tsohon hoton da ke rataye a ɗakinka, da hannun saniya a ciki.

Har abin da saniyar ta ci yana da tasiri. A 1882, George Eastman, wanda daga baya ya kafa Kodak, ya kusa karyewa. A lokacin kan gilashi ake shafa maganin, ba kan leda ba. Masu saye suka riƙa dawo masa da kaya, suna cewa hoto ba ya kamawa. Da aka bi sawu, sai aka ga jelatin ɗin da aka kawo masa ne ya canza. Ba a gane dalili sosai ba sai a 1925, lokacin da wani masanin kamfanin mai suna Samuel Sheppard ya gano cewa akwai ɗan ɓurɓushin farar wuta cikin jelatin mai kyau. Ita ke ƙara wa fim ƙarfin kama haske. Daga ina ta fito? Daga wani ganye mai yaji, dangin kabeji, wanda shanun can ke ci a makiyaya. A 1930 kamfanin ya mallaki masana'antar jelatin tasa, don kada a sake.

To abin da aka yi da ƙashi da fata da gishiri, dole ya tsufa. Abu uku ke tsufar da shi.

Babban maƙiyinsa zafi ne. Zafi yana sa ƙwayoyin azurfa su canza da kansu, ba tare da sun ga haske ba. In aka wanke, sai hoto ya fito dishi-dishi, kamar an ɗauke shi ranar da hazo ya sauka. Baƙi bai yi baƙi ba, fari bai yi fari ba. Masana sun ce galibi duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ninka saurin irin wannan lalacewa. Kodak yana ba da shawara a ajiye fim mai launi na ƙwararru a sanyin digiri 13 ko ƙasa da haka. Mu kuwa a Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, zafin bazara yakan wuce digiri 40 a inuwa. Ku yi tunanin shagon kwano da tsakar rana. Fim ɗin da ya yi bazara 5 a irin wannan shago ya fi tsufa bisa wanda ya yi shekara 20 a cikin firigo.

Sai laima. Da damina, jelatin yana shan ruwan iska, ya yi danƙo, ya manne da juna. Fumfuna kuma tana son sa, don abinci ne gare ta. Inda ta ci, sai ka ga zane kamar saiwar ciyawa a kan fuskar mutum.

Na ukun babu mai iya tsare shi. Akwai wani irin haske da ido ba ya gani. Wani yana saukowa daga sararin sama, wani yana fitowa daga ƙasa da duwatsu. Yana ratsa kwali, yana ratsa gwangwani, har firigo yana ratsawa. Kaɗan-kaɗan yake aiki, amma ba ya hutu. Shi ya sa ko a cikin ƙanƙara aka ajiye fim, wata rana hazo zai kama shi. Ɗan uwan wannan haske ne ke cikin na'urar binciken kaya ta filin jirgin sama. Mai zuwa da fim daga tafiya, ya riƙe shi a hannu, ya roƙi ma'aikata su duba da ido.

Ba duk fim ne ke tsufa daidai ba. Mai baƙi da fari ya fi juriya nesa. Mai launi yana da shafi uku bisa juna: ɗaya na kama shuɗi, ɗaya na kama kore, ɗaya na kama ja. Ba sa tsufa tare. In ɗaya ya riga sauran gajiya, sai launi ya karkace. Farar riga ta koma ruwan hoda, sama ta koma kore, baƙin mutum ya fito kamar an shafa masa shuni.

Karanta kwali kafin ka biya

A jikin kwalin za ka ga lambobi kamar haka: 06/2004. Lambar farko wata ce, ta biyu shekara. Ke nan watan 6 na shekarar 2004. Ka cire wannan shekara daga shekarar da muke ciki, ka san tsufansa.

Akwai kuma wata babbar lamba: 100, ko 200, ko 400. A gefenta an rubuta ISO, a tsofaffin kwalaye kuwa ASA. Wannan lambar ƙarfin fim ce. Mai 400 yana kama hoto da haske kaɗan. Mai 100 yana son rana sosai. Amma ku lura, mai babbar lamba shi ke riga tsufa, don ƙwayoyinsa sun fi girma, sun fi saurin kama duk abin da ya ratso. Idan an aje maka tsoffin fim biyu, mai 100 da mai 400, shekarunsu ɗaya, ɗauki mai 100.

Ka tambayi mai kaya inda ya ajiye shi. Ba lalle ya faɗi gaskiya ba, amma kwalin zai faɗa. Kwalin da rana ta koɗar, ko mai tabon ruwa, ko gwangwani mai tsatsa, a bar shi. In ka buɗe robar ka ji tsami kamar na binegar, ledar ce ta fara ruɓewa. Wannan ma a bar shi.

Yanzu ga yadda ake aiki da shi. Manomi ya riga ya san dabarar, ko bai taɓa riƙa kamara ba. Irin gero da ya shekara 3 a rumbu, ba duka ke tsira ba. Me kake yi? Kana ƙara yawan ƙwaya a rami. Tsohon fim ma ƙarfinsa ya ragu, sai a ƙara masa haske.

Masu wannan sana'a suna da lissafi. Ga fim mai launi, duk shekara 10 da ta wuce, a ninka hasken sau ɗaya. Hanya mai sauƙi ita ce a yi wa kamara wayo. A jikinta akwai wurin da ake saita lambar fim. Fim mai 400 da ya wuce da shekara 10, ka saita 200. In shekara 20 ne, ka saita 100. Mai 200 da ya wuce da shekara 10, ka saita 100, in 20 ne ka saita 50. Kamara za ta zaci fim ɗin rarrauna ne, sai ta buɗe ido da kyau, ta bar haske ya shiga da yawa. Mai baƙi da fari ba ya bukatar ƙari mai yawa haka, rabin wannan ya isa.

Amma wannan lissafi ba doka ba ce. Kuma a ƙasashen sanyi aka yi shi, inda ɗaki ba ya zafi kamar namu. A ganina, fim ɗin da ya tsufa a nan ƙasar, a ƙara masa ninki ɗaya bisa abin da lissafi ya ce. Fim mai launi na yau da kullum yana jure yawan haske. Ƙarancin haske ne ba ya jurewa. Akwai dai wani iri da ba a yi wa haka: wanda hotonsa ke fitowa kai tsaye a jikin leda, ana haska shi a bango kamar majigi. A kwalinsa za ka ga E-6. Shi yawan haske yana wanke shi fes. A bar shi a lambarsa.

Wasu ƙananan kamarori ba su da wurin saita lamba. Su ke karanta ta da kansu a jikin gwangwani, inda aka yi wasu gidaje-gidaje na fari da baƙi. Kodak ya fito da wannan tsari a 1983. In ka manna baƙin salatif bisa gidajen, da yawa daga cikin irin waɗannan kamarori sai su ɗauka fim mai 100 ne. In duk wannan ya yi maka wuya, riƙe abu ɗaya: tsohon fim, waje, da rana. Ba cikin ɗaki ba, ba da almuru ba. Hantsi da la'asar sakaliya sun fi, rana tana bayan mai ɗauka.

Malaman gona sun koya mana gwajin iri. A ƙirga ƙwaya 100, a sa cikin jiƙaƙƙen tsumma, a jira kwanaki, a ƙirga waɗanda suka tsira. In ka sami fim da yawa daga wuri ɗaya, kwanan watansu ɗaya, yi musu haka. Ɗauki guda. Ka ɗauki abu ɗaya sau 3: da lambar kwali, da rabinta, da rubu'inta. Ka rubuta a littafi: hoto na 1 lamba kaza, hoto na 2 lamba kaza. Kada ka ce za ka tuna, ba za ka tuna ba. In an wanke, ka ga wanda ya fi kyau, sauran duka ka bi da su haka. In kuwa guda ɗaya tak gare ka, babu gwaji. Ya zama binne ke nan. Ka shuka a busasshiyar ƙasa, kana jiran ruwa. Wata shekara a dace, wata shekara a yi asarar iri.

Kuma ba a yin binne da irin da ya rage na ƙarshe a gida. Akwai ranakun da ba sa dawowa. Ɗaurin aure, suna, saukar karatu, dawowar alhaji, tsohuwar da ƴaƴanta suka taru daga nesa don a ɗauke su tare da ita. Irin wannan rana ba ta tsohon fim ba ce. Mai hoton da ya karɓi kuɗin mutane ya sa tsohon fim don araha, bai gaya musu ba, ya ci amana. In kana so ka gwada a wurin biki, gwada, amma wani ya tsaya kusa da kai da waya yana ɗauka.

Abin mamaki, a Turai da Amurka da Japan akwai samari da ƴan mata da ke neman tsohon fim da gangan. Karkataccen launin nan shi suke so. Sun gaji da hoton waya mai tsabta, wanda duk iri ɗaya ne. Wani kamfani mai suna Lomography, na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, har ya fito da sabon fim a 2013 wanda ke mai da koren ganye ruwan shanshanbale. Abin da mai hoton garinmu ke jin kunyar miƙa wa mai shi, can kuɗi ake biya a same shi. Ban ga laifinsu ba. Garken shanu a bakin tabki, ko kasuwar raƙuma, ko rumbuna bayan girbi, in launi ya ɗan karkace yakan ba su wani kyau. Wasa ne mai daɗi ga wanda ya san wasa yake yi.

Fim ɗin da aka riga aka ɗauka

Duk abin da na faɗa a sama, na fim ne wanda ba a taɓa sa wa haske ba. Akwai wani iri da ya fi shi daraja nesa: wanda aka ɗauki hotuna da shi, ba a kai wanki ba, aka manta. Yakan fito ranar rabon gado, cikin adakar mamaci, ko cikin tsohuwar kamararsa. Hotunan suna ciki a ɓoye. Watakila fuskar mahaifinka ce yana saurayi. Watakila ta kakar da ba ta bar hoto ko ɗaya ba.

Shekara nawa hoto ke iya jira a ɓoye? Ga wani labari na gaskiya. Ranar 11 ga watan Yuli 1897, mutum 3 ƴan ƙasar Suwidin suka tashi cikin kwandon wata ƙatuwar balan-balan, suna so su ratsa ƙarshen duniya na arewa, inda babu kome sai ƙanƙara. Shugabansu Salomon Andrée, sai Knut Fraenkel, sai Nils Strindberg mai ɗaukar hoto. Bayan kwana 2 balan-balan ta faɗi bisa ƙanƙara. Suka yi wata da watanni suna tafiya a ƙasa suna jan kaya, har suka kai wani tsibiri, can suka mutu. Ba wanda ya san inda suke sai 1930, da aka tsinci gawarwakinsu da kayansu. Cikin kayan akwai fim a gwangwanaye, mai hoto 240. Wani gwani mai suna John Hertzberg ya wanke shi a birnin Istokholm da haƙuri. Hoto 93 suka fito, bayan shekara 33. A ciki har da na balan-balan tana kwance bisa ƙanƙara, mutum 2 na tsaye kusa da ita.

Sanyi ne ya tsare wannan fim. Adakar da ke ɗakin kwano ba za ta yi haka ba, kada in sa muku rai da yawa. Amma sau da yawa wani abu yakan fito, ko da dishi-dishi ne. Kuma dishi-dishin fuskar uba ya fi babu.

In ka tsinci irin wannan, abu na farko: kada ka ja ledar waje don ka ga abin da ke ciki. Ba za ka ga kome ba, kuma ƙiftawar ido ɗaya ta haske ta shafe duka har abada. Yara su ne masu wannan ɓarna, a ɗauke daga gabansu. Yaya za ka san an ɗauka? Sabon fim yana da ɗan harshe da ya leƙo waje daga gwangwani. Wanda aka gama ɗauka, galibi harshen ya shige ciki. In kuwa fim ɗin yana cikin kamara, kada ka buɗe bayanta. A ƙarƙashinta akwai ɗan maɓalli, a danna, sannan a juya hannun da ke sama har a ji ya saki. Wanda bai iya ba ya kai wa tsohon mai hoto, kamarar a rufe. Kuma kada a ƙara jinkiri, don ɓoyayyen hoto yana dushewa kowace shekara.

Ajiya kafin wanki, ko kafin ɗauka, ɗaya ce. Mai firigo ya sa fim cikin roba mai murfi da ke rufewa gam, sannan ya sa a ciki. In ya fito da shi, ya bari ya yi awa 2 ko 3 kafin ya buɗe. Kun ga yadda kwalba mai sanyi ke yin gumi in an fito da ita. Wannan gumi in ya sauka bisa fim, ya ɓata shi. Wanda ba shi da firigo, ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi na kwano. A sa cikin gwangwani mai murfi, a ƙasa-ƙasa, nesa da murhu da bangon da rana ke duka. Gindin randa akwai sanyi, amma akwai laima, sai in murfin yana rufewa sosai.

Saura wanki, kuma nan ne wuyar take. Masu wankin fim sun yi ƙaranci ƙwarai. Kafin ka sayi ko guda, ka fara sanin wanda zai wanke maka. Masu sha'awa a wasu ƙasashe suna wanke mai baƙi da fari a gida. A 1995 wani malami mai suna Scott Williams da ɗalibansa a birnin Rochester na Amurka suka nuna har da kafe ana iya yi. Masu yi yanzu suna haɗa garin kafe da bitamin C da sodar wanki, wadda ƴar uwar kanwa ce. Amma ana bukatar wuri mai duhu ƙirin, da wani magani na biyu mai tsai da hoto, wanda sai an saya. Fim mai hoton mamaci ba na koyon hannu ba ne.

Ka karanta jikin gwangwani kafin ka miƙa. In ka ga C-41, wannan shi ne wankin launi da aka saba tun 1972, duk mai wankin launi ya san shi. In ka ga C-22, na kafin nan ne. Ruwan C-41 yana da zafin digiri 38, zai narkar da jelatin ɗinsa, hoto ya bi ruwa. In ka ga Kodachrome, shi kuma an daina yin sa a 2009, kuma shago na ƙarshe a duniya mai wanke shi da launi, a jihar Kansas ta Amurka, ya daina karɓa a ƙarshen 2010. Waɗannan biyu sai dai a wanke su da maganin baƙi da fari, cikin ruwa mai sanyi. Launi ya tafi, amma fuska takan fito.

Ka gaya wa mai wanki shekarun fim ɗin tun da fari. Ka ce masa ko ya ga ledar ta yi duhu kada ya yar, don na'urar da ke kwafe hoto zuwa kwamfuta takan tsamo abin da ido bai gani ba. In ya gama, ka karɓi ledar tare da hotunan. Ita ce uwar hoto, daga gare ta ake sake buga wani. A sa ta cikin ambulan na takarda, a rubuta sunayen mutanen da ke ciki da garin da aka ɗauka, tun akwai tsofaffin da za su gane su.